Tsakanin Inganci da Karɓuwa: Nazari a kan Littafin Asiran Azumi na Imam Gazali

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Duk wanda ya saba halartar majalisun wa'azi a ƙarshen Sha'aban ya sha jin an kasa azumi hawa uku: na gama-garin mutane, da na keɓaɓɓu, da na keɓaɓɓun keɓaɓɓu. Da wuya mai wa'azi ya ambaci inda ya samo rabon, saboda ya zama tamkar kayan gado. Wanda ya ba shi siffar da ya shahara da ita shi ne Hujjatul Islam Abu Hamid al-Gazali (450 zuwa 505 bayan Hijira), a Kitabu Asraris Saum, littafi na shida a rubu'in ibadu na Ihya'u Ulumid Din. Ko Mukhtasaru Minhajil Ƙasidin, wanda ya fito daga tsefewar da Ibnul Jauzi ya yi wa Ihya, bai taɓa wannan rabon ba. Abin da ya sa na ga dacewar komawa ga nassin shi ne, abin da ya yaɗu a bakin jama'a ya haɗa har da wuraren da hujjarsu ta fi rauni, alhali mafi ƙarfin abin da malamin ya zo da shi kaɗan ne ke kula da shi.

Littafin fasali uku ne: hukunce-hukuncen zahiri, da sharuɗɗan baɗini, da azumin nafila. Fasali na farko ba zan daɗe a kansa ba, sai dai in ja hankalin ɗalibanmu cewa Gazali Bashafi'e ne. Yana wajabta niyya kowane dare, yana ƙyamar asuwaki bayan zawali, kuma kaffara a wurinsa saduwa kaɗai ke jawo ta. Wanda ya taso a kan Risala da Mukhtasar ya san cewa a mazhabar Malik niyya guda ta wadatar wa wata, asuwaki ya halatta yini duka, ci da gangan kuwa yana wajabta kaffara. Na taɓa jin ɗalibi yana ba da fatawa daga wannan fasali a matsayin maganar Malikiyya, don kawai ya ga littafin a hannun malaman zaure.

Zuciyar littafin tana fasali na biyu. A nan ne ya shimfiɗa abubuwa shida da azumin salihai ke cika da su: kame ido, da harshe, da kunne, da sauran gaɓɓai haɗe da tsare ciki daga shubuha lokacin buɗa-baki, da barin cika tumbi ko da halal ne, sannan zuciya ta kwana tana lilo tsakanin tsoro da fata, don mai azumi bai san ko an karɓa ko an mayar masa ba. Daga nan sai ya kawo wa kansa tambayar da kowane ɗalibin fiƙihu zai yi: ai fuƙaha'u sun ce wanda ya kame daga ci da sha da sha'awa azuminsa ya inganta, ko da ya yini yana cin naman mutane, to ina ma'anar waɗannan sharuɗɗa? Amsarsa, a taƙaice, ita ce kalmar inganci tana da ma'ana biyu. Malamin fiƙihu yana nufin sauke nauyi, domin aikinsa ya tsaya ga abin da jama'a duka za su iya ɗauka. Malaman lahira kuwa suna nufin karɓuwa, karɓuwa kuma ita ce isa ga manufar ibadar.

A ganina wannan rarrabewa ita ce mafi tsadar abin da ke littafin, domin ta warware matsalar da ta daɗe tana damun malamai. Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira hadisin da ke nuna cewa Allah ba Ya da buƙatar mutum ya bar ci da sha matuƙar bai bar ƙarya da aiki da ita ba. Ibn Hazm ya ɗauki irin wannan a kan zahirinsa, ya ce saɓo da gangan yana karya azumi. Jumhur suka ce yana tauye lada ne kawai. Maganar Ibn Hazm, in an bi ta, mutum nawa ne a gari azuminsa zai tsira daga ɓaci? Maganar jumhur kuma, in an karantar da ita tsurarta, sai almajiri ya fahimci cewa tsare harshe ƙari ne da za a iya yafewa. Gazali ya bar wa fiƙihu hukuncinsa cikakke, bai ce kowa ya rama ba, amma ya hana mai azumi samun natsuwa da hukuncin. Aya ta 183 a Suratul Baƙara ta ɗora azumi a kan taƙawa, saboda haka tambayar ko an kai ga manufar tambaya ce da Alƙur'ani da kansa ya buɗe ƙofarta.

Inda matsala ta fara shi ne hujjojin da ya tallafi ginin da su. Hafiz Zainuddin al-Iraƙi (ya rasu 806) ya bi hadisan Ihya ɗaya bayan ɗaya a Al-Mugni an Hamlil Asfar, kuma wannan fasali bai fita lafiya ba. Ruwayar nan ta abubuwa biyar da ke karya azumi, wato ƙarya da giba da annamimanci da rantsuwar ƙarya da kallon sha'awa, Ibnul Jauzi ya sa ta cikin hadisan ƙarya. Labarin mata biyu da suka yi aman nama da jini saboda giba yana Musnad na Ahmad, amma a isnadinsa akwai wanda ba a sani ba. Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne hadisin gudanar Shaiɗan a jikin ɗan Adam kamar gudanar jini. Asalinsa ingantacce ne a Buhari da Muslim daga Safiyya, Allah Ya yarda da ita, sai dai ƙarin da ke umurni da a ƙuntata masa hanya da yunwa ba ya cikinsa, kamar yadda Iraƙi ya faɗakar. Sababin hadisin ma ba shi da alaƙa da yunwa: Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana i'itikafi, ya fito raka matarsa da dare, mutum biyu daga Ansar suka gan su, sai ya yi maganar don kore mummunan zato. Gazali kuwa a kan ƙarin ya jingina bayaninsa na dalilin da ya sa azumi ke karya maƙiyin Allah.

Wani zai ce, ai ma'anar sahihiya ce ko da isnadin ya yi rauni. Na yarda da hakan a kan giba da ƙarya, tunda hadisin Abu Huraira ya wadatar, shi ya sa ma abin ke da ban takaici, gini mai kyau a jingine shi da ruɓaɓɓen itace ga azara a ajiye. Amma a kan yunwa lamarin ya wuce isnadi, ya taɓa ma'ana. Gazali yana ganin ruhin azumi shi ne raunana ƙarfin jiki da Shaiɗan ke amfani da shi, har ya ce daga ladubba kada a yawaita barcin rana don a ji zafin yunwa da ƙishi, kuma manufa ita ce koyi da mala'iku gwargwadon iko. Sukarsa ga masu tara abinci kala-kala domin Ramadan, su ci a cikinsa abin da ba su ci a watanni, kamar a kasuwanninmu ya tsaya ya rubuta ta, kuma ba ni da ja a kanta. Sai dai Sunna ta kwaɗaitar da sahur ta kira shi albarka, ta yi umurni da gaggauta buɗa-baki, ta hana saje azumi da azumi ba tare da an sha ruwa ba. Aya ta 185 ta ambaci sauƙi a tsakiyar hukuncin, ta rufe da kabbara da godiya. Ta 187 ta halatta daren ga ma'aurata. Shari'ar da ta tsara abin haka tana horar da ɗan Adam ne ya bari in an ce bari, ya ci in an ce ci. Wanda ya jinkirta buɗa-baki don ƙarin wahala ya saɓa, duk da cewa ya fi kowa jin yunwa. Gazali ya lissafa waɗannan sunnoni a fasali na farko, amma da ya zo bayanin sirri sai ya bar su a baya, bai tambayi abin da suke koyarwa game da manufar ba.

Hawa na uku ya fi buƙatar taka-tsantsan. Azumin zuciya ne daga duk abin da ba Allah ba, wanda tunanin duniya ke karyawa. Ya naƙalto daga ma'abota zukata cewa wanda himmarsa ta motsa da rana wajen tanadin abin da zai yi buɗa-baki da shi, an rubuta masa kuskure, don alama ce ta ƙarancin yaƙini da arzikin Allah. A halwar sufi wannan magana tana da mahallinta. Amma idan mai wa'azi ya karanta ta a lasifika, wa ke saurare? Akwai matar da tun azahar take gaban murhu tana dama kunu da suyar ƙosai don mutum goma sha, da magidancin da ya yini a rana yana neman abin cefane. Cewa da su azuminsu na ƙasan tsani ne, ko tanadinsu zunubi ne, zalunci ne da nassi bai goyi baya ba. Muslim ya ruwaito daga Anas labarin tafiyar da marasa azumi suka kafa tantuna suka shayar da dabbobi, aka ce su suka tafi da ladar ranar. In hidima ta ɗaga marar azumi haka, ina ga mai hidima da azumi a bakinsa? Adalci dai shi ne a faɗi cewa Gazali da kansa ya togace duniyar da ake nufin addini da ita, ya ce guzurin lahira ce. Togaciyar ce ke faɗuwa a hanya kafin maganar ta iso majalisi.

Wannan ya kai mu ga giɓin da na fi ji a littafin. Mai azumin Gazali kusan shi kaɗai yake, daga shi sai gaɓɓansa da Ubangijinsa. Kyauta ta zo a jerin sunnoni, ba ta shiga bayanin sirri ba. Izzuddin ibn Abdis Salam (ya rasu 660), wanda shi ma Bashafi'e ne, a ɗan littafinsa Maƙasidus Saum ya ƙidaya yawaitar sadaka cikin fa'idojin azumi kansa, da hujjar cewa mai jin yunwa yana tuna mayunwaci. Gazali ya san wannan, ya ambace shi a fa'idojin yunwa cikin littafin karya sha'awa biyu a rubu'in muhlikat, saboda haka wanda ya karanta Asrarus Saum shi kaɗai bai ji malamin duka ba. Watan da aka rufe shi da zakkar fid-da-kai, wadda hadisin Ibn Abbas a Sunan Abi Dawud ya haɗa mata tsarkake mai azumi da ciyar da miskini, ba a gama faɗin sirrinsa ba in ba a ambaci maƙwabci ba.

Malikawa sun daɗe da sa'insa a kan Ihya. Maziri da Ɗurɗushi sun soke shi, an kuma ƙone shi a Ƙurɗuba zamanin Murabiɗai. Duk da haka littafin ya ratso Sahara ya zauna, kuma Murtada az-Zabidi, mai sharhinsa Ithafus Sadatil Muttaƙin, yana cikin waɗanda suka ba Malam Jibril ɗan Umar, malamin Shehu Usmanu, ijaza. Abin da nake ba abokan aiki shawara a kai, ga mai son karantar da wannan babi a aji, shi ne ya sa takhrijin Iraƙi a gefe guda, Laɗa'iful Ma'arif na Ibn Rajab (ya rasu 795) a ɗaya gefen. Ibn Rajab ya kasa masu azumi gida biyu, mai barin sha'awarsa yana fatan musanya a Aljanna da mai kamewa daga duk wanin Allah, ya kuma yi wa gidan farko bushara mai faɗi ba tare da ya ƙasƙantar da shi ba. Shi ma a littafinsa akwai ruwayoyin da ke buƙatar bincike, amma ya fi yawan bayyana mai ruwaya da matsayin isnadi, wanda hakan ke sauƙaƙa wa ɗalibi bin diddigi. Wallahu a'alam.