3.4 Sharhi a Kan Fahimtar Al'ummar Gwandu Game da Samuwar Ƙiba

A wannan fasali za a auna fahimtar gargajiya game da ƙiba, kamar yadda take a ƙasar Gwandu da Kalgo, da ma'aunin binciken kimiyya. Fahimtar kuwa ita ce, abinci da kwanciyar hankali su ne ke zama kitse kai tsaye, kuma jiki mai ƙiba shaida ce ta wadata da kyakkyawan riƙo, musamman ga matar aure.

Wannan fahimta tana da ƙarfi ta fuskar lura. Bahaushe ya bambanta ƙiba da teɓa, ya bambanta su duka da kumburi. Haka kuma mai turka ragon layya ya san cewa dusa da harawa da hana yawo su ke tara kitse.

Sai dai rauninta shi ne ɗaukar kitse tamkar man da ake ɗurawa a tulu. Bincike ya tabbatar da cewa kitse rayayyun ƙwayoyin halitta ne masu matakan girma. Green da Kehinde (1975) sun rena wasu ƙwayoyin ɓera a cibiyar MIT ta Amurka, suka nuna yadda siririyar ƙwaya marar mai ke rikiɗa ta zama ƙwayar kitse. Da farko takan daina hayayyafa, sannan ta dunƙule, ta shiga tara ɗigon mai. A jikin mutum ɗige-ɗigen kan haɗe su zama babban ƙunshi ɗaya wanda ke ture cibiyar ƙwayar gefe. Tontonoz da Hu da Spiegelman (1994) sun gano cewa wani furotin mai suna PPAR-gama shi ne jagoran wannan rikiɗa. Ke nan abinci kaɗai ba ya zama kitse sai da umarnin sinadaran jiki, irin su insulin.

Rauni na biyu shi ne ɗauka cewa ƙibar yaro takan wuce da kanta. Spalding da abokan aikinta (2008) sun nuna cewa yawan ƙwayoyin kitse yana tabbata ne a ƙuruciya da lokacin balaga. Idan babba ya rame, ƙwayoyin motsewa suke yi, adadinsu bai raguwa, kuma kimanin kashi 10 cikin 100 ake sabuntawa duk shekara.

Inda abin ya fi muni shi ne magungunan da ake kira "sha-ka-fashe". Deksametazon, wanda wasu mata ke sha don neman cikar jiki, yana cikin sinadaran da masana ke zuba wa ƙwayoyi a ɗakin gwaji don tilasta musu zama kitse. Yawan shansa yana tara kitse a fuska da ƙeya da ciki, ya sirantar da hannuwa da ƙafafu, ya jawo ciwon sukari da hawan jini da raunin ƙashi.

Bisa ga waɗannan bayanai, ana iya cewa fahimtar gargajiya ta dace wajen siffanta ƙiba, amma ta gaza wajen bayyana tushenta. Abin lura shi ne, abin da wannan magani ke haifarwa ya fi kusa da teɓa da kumburi, waɗanda al'adar kanta ba ta taɓa yabawa ba.