Ziyarar Gobarau: Hasumiya Ta Tsaya, Masallaci Ya Shuɗe

Duk wanda ya saba da hayaniyar Kano, in ya shiga tsohon birnin Katsina zai tarar da gari mai tafiya a hankali, wanda mutanensa ba su gaggawa a gaisuwa. Ba banza aka yi masa laƙabi da ɗakin kara ba. Wannan natsuwa ita ke jan masu yawon buɗe ido da ayarin ɗalibai, kuma kusan kowane ayari a gindin hasumiyar Gobarau yake yada zango. Ana ɗaukar hoto, ana hawa matakala, ana sauraren mai bayani, sannan a koma mota. Abin tambaya shi ne, me baƙo yake tafiya da shi daga irin wannan ziyara?

Hasumiyar ginin ƙasa ce da azara, tsayinta kimanin mita 15, hawa-hawa tana tsukewa zuwa sama. Mai kallo zai tuna da masallatan Tumbutu da hasumiyar Agadas, domin hikimar gini ɗaya ce ta haɗa biranen fatake na wancan zamani. Sai dai Agadas tana da hasumiya da masallacinta, ana salla a cikinsa har gobe. A Gobarau kuwa hasumiyar ce kaɗai ta rage. Babban masallacin da ta tsaya dominsa, wanda ya kasance masallacin Juma'a kuma makarantar manyan malamai, ya rushe, gari ya mamaye gurbinsa. Bayanin da aka saba yi wa baƙo yana yawan yabon tsayin da ke gabansa, yana tsallake faɗin da ya ɓace. Alhali kufan shi ne darasin.

Matsala ta biyu ta shafi shekaru. Sau da yawa akan ce an gina Gobarau zamanin Muhammadu Korau, a ƙarni na 14, sannan a cikin numfashi ɗaya a ƙara da cewa Shehu Magili ne ya ba da shawarar ginin. To, Magili ya zo ƙasar Hausa ne cikin shekarun 1490, ya kuma rasu wajen 1504. Maganganun biyu ba su haɗuwa sai in an bi masanan da suka sanya mulkin Korau a rabi na biyu na ƙarni na 15. Wannan saɓani ba abin kunya ba ne, domin jerin sarakunan Katsina ya iso gare mu ta hanyar kundaye daban-daban da ba su yarda da juna ba. Abin kunyar shi ne a ɓoye shi ga ɗalibi. Malamin da ya tsayar da ajinsa a gindin hasumiya ya ce su lissafa tazarar da ke tsakanin shekarun nan, ya koyar da su tarihi fiye da wanda ya sa su haddace suna da shekara.

Haka nan labarin Malam Jodoma, wanda aka ce ya nuna alƙibla da sandarsa har masu gardama suka hangi Ka'aba. Ruwaya ce mai daɗi, kuma tana da daraja, domin tana nuna yadda Katsinawa suke kallon birninsu a matsayin gidan ilimi da waliyyai, garin Ɗan Marina da Ɗan Masani. Amma ruwayar baka tana da mazauninta, hujjar bincike tana da nata. In aka zuba su a ƙwarya ɗaya, yaron da ya girma ya yi shakkar ɗaya, sai ya watsar da duka biyun.

A gare mu mutanen Korgom da Tasawa da Mayahi akwai wani gefen labarin da ba a cika faɗa ba. Gobarau ta daina zama masallacin Juma'a ne bayan jihadi, lokacin da Ummarun Dallaje ya karɓi birnin wajen 1807 ya gina sabon masallaci. Wannan juyi shi ne ya fitar da tsohon gidan sarautar Katsina zuwa arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819, daga baya Tasawa ta zama mazaunin wani reshe na gidan. Ke nan faɗuwar masallacin da kafuwar sarautunmu reshe biyu ne na itace ɗaya. Bature Barth, da ya ratso Tasawa da Gazawa a farkon 1851 ya shiga Katsina, ya tarar da ganuwa mai faɗin gaske, amma mazauna cikinta dubu bakwai ko takwas ne kacal a ƙiyasinsa. Natsuwar da baƙo yake yabo tana da asali a wancan rauni na yaƙi da ƙaurar kasuwa zuwa Kano. Ɗalibin Nijar da ya je Gobarau bai je baƙunta ba, ya je gidan kakanni ne, ko da yake iyakar da Faransa da Ingila suka shata ta raba littafin tarihinsa da na takwaransa na Katsina.

Saura wuraren bauta da suka riga masallacin. Littattafan Faransanci da muke koyarwa cike suke da hotunan haikalan dutse na Misira da Girka, har yaro ya ɗauka wanda bai bar ginshiƙin dutse ba bai bar komai ba. Kakanninmu a gindin tsamiya da kan duwatsu suka yi tsafinsu, da ƙasa suka yi gininsu, damina kuwa ba ta raga wa ƙasa. Amma a Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani, tuddan kaburbura sun adana abin da ido bai gani. Palmer ya tona wasu a 1907, an sake tono a 1992, aka samu kayan ado na zinariya da hauren giwa da wuri da tasoshin ƙarfe da suka zo daga nesa. Ziyarar da ta tsaya ga hasumiya ta bar rabin labarin a ƙarƙashin ƙasa, wataƙila don muna jin nauyin ambaton abin da ya gabaci Musulunci. Sanin abin da kakanni suka bauta wa bai taɓa imanin jika ba.

Saboda haka, ga malamai da ƙungiyoyin al'adu, shawara ita ce a shirya aji kafin a shirya mota. A ba ɗalibai ruwayoyin da suka saɓa, a sa su auna. In hanya ba ta ba da hali ba, kamar yadda rashin tsaro da rufe iyaka a 2023 suka hana zirga-zirga, akwai kufai a bayan garuruwanmu, da tsofaffin rijiyoyi, da dattawan da suka san sunayensu. A rubuta sunayen da Hausa tun masu faɗa suna raye. Gobarau ta samu masu yi mata yaɓe, shi ya sa ta tsaya. Kufan da ba a rubuta sunansa ba, garma ce za ta gaje shi.