Sauya Ɗariƙa da Neman Fatahi

Cikin sharuɗɗan da muƙaddami ke gindaya wa mai son karɓar wuridin Tijjaniyya, akwai wanda ya fi sauran tayar da ƙura: ya ajiye duk wani wuridi da yake riƙe da shi, kada ya ziyarci waliyyin wata ɗariƙa don neman madadi, kuma idan ya kama kada ya saki har mutuwa. Sai dai Shehu Ahmadu Tijjani kansa ba hanya ɗaya ya biyo ba. Ya taɓa riƙon Ƙadiriyya da Nasiriyya, ya karɓi Halwatiyya a hannun Shehu Mahmudul Kurdi a Alƙahira, kafin fatahinsa ya zo a Abu Samgun a shekarar 1196 bayan Hijira. Tijjanawa suna da amsa a kan wannan: barin waɗannan ɗariƙu da ya yi umarni ne daga Annabi (SAW) a farke, ba zaɓin kai ba. Ko mutum ya gamsu ko bai gamsu ba, tarihin ya nuna yawon ya riga fatahin zuwa.

A ɓangaren Ƙadiriyya ƙofar ta fi faɗi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya karɓi Halwatiyya daga malaminsa Jibrilu ɗan Umaru, bai kuma fasa zama Baƙadire ba. A Kano, Shehu Nasiru Kabara ya tattara ijazozin rassa da dama, har da Sammaniyya ta Sudan. Amma a nan ne masu kafa hujja da su kan yi tuntuɓe. Malaman tasawwufi sun bambanta karɓar wuridi don tabarruki da miƙa wuya ga shehun tarbiyya. Na farko ana iya tara shi da yawa. Na biyu kuwa, wanda zai san cutar zuciyarka ya tsara maka halwa da adadin zikiri, ba ya yiwuwa ya zama mutum biyu a lokaci guda, don maganin wannan zai warware na wancan.

A ganina tambayar da ta fi amfani ita ce yaushe muridi ya tashi. Duk mai lazimi safe da yamma ya san akwai lokacin da zikiri ke bushewa, harshe na motsi, zuciya tana kasuwa. Sufaye suna lissafa wannan ƙunci cikin aikin, domin a nan ne son rai ke bayyana fuskarsa. Wanda ya sauya a daidai wannan gaɓa zai ji daɗin sabon wuridi na 'yan watanni, ya ɗauka buɗi ne, sannan ya sake cin karo da bushewar da ya gudo. Turmin yadi da ake cirowa daga karofi tun bai sha baba ba, ko ramuka goma aka zaga da shi, fari-fari zai dawo.

Akwai kuma tashin da yake ciyar da mutum gaba. Bayan Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass a aikin Hajjin 1937, malaman Salga na Kano, waɗanda dama Tijjanawa ne masu ilimi, suka je Kaulaha wurin Shehu Inyass suka shiga tarbiyyarsa. Wuridinsu bai canja ba, mai riƙon hannun ne ya canja, kuma sun je ne bayan shekaru suna aikin, ba don gajiya da shi ba. Abin takaici, da yawa daga cikin almajiran da suka biyo baya a Tijjaniyya da Ƙadiriyya sun fi riƙe gardamar ƙabalu da sadalu a kan wannan bambanci na lokacin tashi.