Giram 200 a jikin keken tsere: me ƙarin kuɗin yake saya maka?

Idan ka taɓa leƙa shagon kayan keken tsere a intanet, irin keken nan mai siraran tayoyi da kai lanƙwasasshe kamar ƙahon rago wanda ake hawa a gasar Tour de France, za ka ga wani abin mamaki game da sassa guda uku: kan keken da ake riƙewa, ɗan guntun wuyan da ke haɗa shi da gaban keken, da kuma sandar da sirdi ke zaune a kanta. Kowannensu akwai na talakawa, akwai na manya. Duka biyun da alminiyam aka yi su, wato ƙarfen nan da muke kira sanholo ko goran-ruwa. A ido kusan iri ɗaya ne. Amma na manyan, irin su Ritchey WCS ko Deda Zero100 ko Thomson, kuɗinsu kan ninka na talakawan sau biyu ko uku. A ƙasan hoton kuma sai a jero maka kirari: alminiyam ɗin jirgin sama ne, ya fi sauƙi, ya fi tsauri, yana shanye girgizar hanya. Wani ɓangare na kirarin nan gaskiya ne. Wani kuma kimiyyar ƙarafa ba ta yarda da shi ba sam.

Mu fara da lambobin da ake bugawa a jikin kayan. Zallan alminiyam yana da laushi, ba ya aikin ƙarfi, don haka sai an gauraya shi. Wanda ake kira 6061, wanda aka fi yin kayan talakawa da shi, an sa masa ɗan magnesiyam da silikon. Shi kuwa 7075 tutiya ce babbar mahaɗinsa, kuma da gaske ne asalinsa na jirgin sama ne: kamfanin Sumitomo na Japan ya haɗa irinsa a shekarun 1930 aka yi jirgin yaƙin Zero da shi, sannan Alcoa na Amurka ya fitar da 7075 a 1943. Wannan T6 da kake gani a bayan lambar kuma yana nufin an gasa ƙarfen, an tsoma shi a ruwa, an sake ɗumama shi na wasu awanni. Dabarar ta samo asali daga wani Bajamushe, Alfred Wilm, wanda ya lura a 1906 cewa gaurayen alminiyam yana ƙara ƙarfi idan aka bar shi ya kwana biyu bayan an tsoma shi.

To, a nan ne masu talla ke cakuɗa abu biyu da injiniya ba ya cakuɗawa. Akwai ƙarfi, wato nauyin da abu zai ɗauka kafin ya lanƙwashe ya ƙi komawa daidai. Akwai kuma tsauri, wato yadda abu ke ƙin motsawa idan ka danna shi, ko da zai koma daidai bayan ka saki. A wajen ƙarfi, 7075 ya yi wa 6061 nisa: kusan megafaskal 500 ne a kan kusan 275. A wajen tsauri kuwa kusan kunnen doki suke, gigafaskal 72 da 69. Baƙin ƙarfe yana wajen 200, ka ga su biyun ’yan gida ɗaya ne. Gashi da tsomawa da ƙarin tutiya duk ba sa taɓa tsaurin alminiyam wani abin kirki.

Bi lissafin ka gani. Tunda 7075 ya fi ƙarfi, maƙeri zai iya rage kaurin bangon bututun ba tare da ya karye ba, kuma daga nan ne sauƙin nauyin yake fitowa. Amma bango mara kauri da ƙarfe mai tsauri iri ɗaya, ai ƙarin lanƙwasuwa zai ba ka. Ashe duk wanda ya ce maka kan kekensa ya fi sauƙi kuma ya fi tsauri saboda nau’in alminiyam ɗin, to rabin maganarsa ce kawai ta tsaya. Tsauri daga siffa yake zuwa. Idan kaurin bango bai canza ba, tsaurin bututu yana hawa ne da faɗinsa a ninka shi a kansa sau uku. Shi ya sa da masana’antar keke ta bar tsakiyar kai mai milimita 26 ta koma 31.8, tsaurin wurin zai iya ƙaruwa da kusan kashi 80 cikin 100 ba tare da an canza ƙarfe ba. Kuma wannan 31.8 ɗin, na talakawa ma shi gare shi yau.

Maganar shanye girgiza ta fi wannan rauni. Duk dangin alminiyam ba su iya haɗiye girgiza ba, mai tsada da mai araha. Ƙwanƙwasa bututun ka ji yadda yake amsawa kamar ƙararrawa. Ɗan daɗin da za ka ji a sirdi yana zuwa ne daga yadda sandar ke ɗan lanƙwasawa, wanda ya dogara da faɗinta da tsawon da ya fito waje. Sanda mai milimita 31.6 ta fi mai 27.2 tsauri da fiye da rabi idan bangonsu ɗaya ne, sai dai ramin jikin kekenka ne ke yanke maka wadda za ka sa, ba aljihunka ba. Duk wannan kuma ƙarami ne idan aka kwatanta da taya. Wanda ya tashi daga taya mai milimita 25 ya koma 28 ko 32, ya ɗan rage iska, zai ji bambancin da babu sandar sirdin da za ta ba shi.

Saura nauyi, kuma shi gaskiya ne, ana iya ɗora shi a sikeli. Idan ka canza sassan nan uku gaba ɗaya daga na talakawa zuwa na manya, abin da za ka rage yawanci bai wuce giram 150 zuwa 200 ba. Mu ɗauki 200. Ledar fiya-wata guda giram 500 ce, wato ko rabinta bai kai ba. Ka ce kai da keken da goran ruwanka kun kai kilo 80. Ka rage kashi ɗaya cikin 400 kenan. Ɗaga giram 200 zuwa tsayin mita 1,000 yana cin makamashi kusan jul 2,000. Mai keken da ke fitar da wat 200, wanda ba ƙaramin ƙoƙari ba ne ga wanda ba sana’arsa ba ce, zai biya wannan cikin daƙiƙa 10. Daƙiƙa 10 fa, a hawan dutsen da zai ci maka fiye da awa ɗaya. A shimfiɗaɗɗiyar hanya kuwa kusan babu abin ƙirgawa, don a can iska ce babbar abokiyar gaba, kuma jikinka ne yake tare mafi yawanta. Kai mai araha wanda faɗinsa ya dace da kafaɗunka, da wuyan da tsawonsa ya bar ka ka sunkuya ba tare da ciwon baya ba, za su ba ka gudun da ya fi na giram 200 nesa ba kusa ba. Ga ɗan tseren da ake raba shi da na biyu da faɗin taya, daƙiƙa 10 dukiya ce, ban musa ba. Shi ma dai hukumar UCI ta yi masa iyaka tun shekarar 2000: kekensa ba zai gaza kilo 6.8 ba.

Inda nake ganin masu kayan tsada suna da hujja mai nauyi shi ne wurin da ba su cika yin talla a kansa ba, wato gajiyar ƙarfe. Ka san yadda ake karya waya idan babu filaya: a yi ta lanƙwasa ta gaba da baya har ta rabu. Haka ke faruwa da ƙarfe ko da nauyin da ake ɗora masa bai kai na lanƙwasa shi ba, in dai ana ta maimaitawa. Wani ɗan tsagi da ido ba ya gani yana farawa daga wani ƙarce ko kusurwa, yana tafiya a hankali, rana ɗaya sai abin ya ɓalle. August Wöhler ya yi nazarin wannan a kan gatarin ƙafafun jirgin ƙasa a Jamus tun ƙarni na 19. Baƙin ƙarfe yana da wani mataki wanda in nauyi bai kai shi ba, kusan ba ya gajiya. Alminiyam ba shi da wannan gatan, kowane lanƙwaso yana ci masa kwana. Jiragen sama biyu samfurin Comet na Ingila da suka tarwatse a sararin sama a 1954 gajiyar alminiyam ce ta ci su. Kan keke kuwa duk taka feda ɗaya ana murɗa shi, kuma in ya karye kana gangara, fuskarka ce za ta fara isa kwalta.

A nan yadda aka ƙera abu yana da tasiri sosai. Wuyan da aka matse a injin ƙira, ƙwayoyin ƙarfensa suna bin siffarsa, ya fi wanda aka narka aka zuba a mazubi juriya. Ana kuma yi wa wasu ruwan ƙananan ƙwallaye a fata don a danne saman, tsagi ya yi wuyar buɗewa. Akwai kyawun zaren noti, da yadda bakin wuyan ke kama kai ba tare da ya cije shi ba, da maƙallin sirdi mai noti biyu da ke bari ka saita karkatarsa daidai ya kuma zauna. Waɗannan aiki ne, kuma aiki kuɗi ne.

Sai dai ka lura da abu biyu. Na farko, kayan talakawa na sanannun kamfanoni su ma yawanci a injin ƙira ake matse su, kuma ƙa’idar ISO 4210 da ake gwada kayan keke da ita ba ta tambayar farashi. Ana ɗaure kai da wuya a na’ura a yi ta murɗa su sau 100,000, a sake wani salon sau 100,000. Mai nauyin ma sau da yawa ya fi samun rara, tunda bangonsa ya fi kauri. Na biyu, tsada ba ta taɓa zama lamuni ba. A gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, kan keken Alex Porter na Ostireliya ya ɓalle yana tsakiyar gudu. Da taitaniyam aka yi shi, na musamman, mai ɗan karen tsada, kuma binciken da aka yi daga baya ya nuna ba a yi masa cikakken gwajin gajiya ba.

Akwai ma inda 7075 ya fi 6061 rauni, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye: bai kai shi jure lalacewar gishiri ba. Mai hawa keke a zafin Kano ko Sakkwato ko Damagaram yana zubar da gumin da ya jiƙe kaset ɗin da aka naɗe kan keken da shi. Gishirin yana kwanciya a ƙarƙashi, musamman gindin maƙallin birki, yana cin ƙarfen ya mai da shi farin gari. Bututun da aka riga aka sirance bangonsa don a rage giram 50 ba shi da naman da zai bayar. Haka sandar sirdin alminiyam da aka zura cikin keken baƙin ƙarfe ba giris: in ta shekara biyu tana shan ruwa da gumi, sai ta manne, mai gyara ya yi ta fama da ita da guduma.

Araha ba ta ado, haka ne, kuma a wannan kasuwa arahar da nake tsoro ita ce ta can ƙasa: kayan da ba suna, ko jabun da aka buga wa sunan babban kamfani ake sayarwa a rubu’in kuɗi, waɗanda ba wanda ya san ko sun taɓa ganin na’urar gwaji. Tsakanin waɗannan da kayan talakawa na kamfanin da aka sani akwai rata babba, ta lafiyar jikinka. Tsakanin na talakawan da na manya kuwa ratar giram 200 ce da kyawun gamawa. Cikin ukun, sandar sirdi mai kyakkyawan maƙalli ce kaɗai zan iya cewa ka ƙara kuɗi a kanta, don kullum za ka amfana da saitin. Kai ma, in siffar da ta dace da hannunka sai a mai tsada ake samu, to siffar ka saya. Wuya kam, sayi mai araha na sanannen kamfani, don wataƙila sai ka canza tsawo sau biyu kafin ka dace.

Ragowar kuɗin ka sa a tayoyi masu kyau da ɗan sifanan nan mai auna ɗauri. Yawancin wuyan keke an rubuta 5 Nm ko kusa da haka a jikinsu, kuma hannun da ya saba ɗaure notin babur zai wuce wannan ba tare da ya sani ba, ya bar wa bututun shaidar da tsagi zai fara daga gare ta. Sau ɗaya a shekara ka warware kaset ɗin ka duba ƙarƙashinsa. In ka ga farin gari da ƙananan ramuka, ko keken ya sha mummunar faɗuwa, cire kan ka jefar, ko nawa ka saye shi.