A'isha Falatiya: Mawaƙiya Tsakanin Gargajiya da Zamani

1.0 Gabatarwa

An saba koya wa ɗalibai cewa waƙar baka ta kasu gida biyu, wato ta gargajiya da ta zamani, kuma kowane mawaƙi yana da gidan da ya dace da shi. Wannan takarda za ta gwada ƙarfin wannan rabo ta hanyar duba waƙoƙin A'isha Musa Ahmad, wadda aka fi sani da A'isha Falatiya, mawaƙiyar da ta fito daga cikin al'ummar Hausawa da Fulanin Sudan. Za a kuma leƙa ƙasar Japan domin kwatance, saboda a can ma an daɗe ana irin wannan muhawara a kan mawaƙan salon da suke kira enka.

2.0 Al'ummar da Ta Fito Daga Ciki

Hausawa sun daɗe suna bin hanyar gabas zuwa aikin Hajji, wasu kuma suka yada zango a Sudan. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, ya kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gandun auduga na Jazira, sai bukatar ma'aikata ta ƙara jawo mutanen yamma. Da yawansu suka zauna a ƙananan zangunan leburori a gefen gonaki, ba su da filin kansu. Larabawan Sudan suna kiran duk waɗannan mutane Fallata, kuma sau da yawa kalmar takan zo da raini.

A garin Kasala aka haifi A'isha. Iyayenta mutanen ƙasar Sakkwato ne da hanyar Hajji ta kawo, mahaifinta kuwa malami ne mai makarantar allo a Umdurman, inda ta yi karatun Alƙur'ani. Ta fara waƙa a gidajen biki, mahaifin bai so ba. Daga baya ta tafi Alƙahira aka ɗauki muryarta a faifan garmaho. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta yi wa sojojin Sudan waƙa a fagen daga, sannan a 1942 ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a gidan rediyon Umdurman, 'yar uwarta Jiddawiyya tana kaɗa mata udu. Ta rasu a 1974. Abin lura shi ne sunan da ake yi wa mutanenta gori da shi, da shi ta yi suna.

3.0 Misalin Enka

Enka salon waƙa ne na Japan mai jigon bege da rabuwa da kewar gida. Ana gane shi da abubuwa biyu: tsanin sauti mai hawa biyar, da kuma yadda mawaƙi yake karkaɗa murya a kan gaɓa ɗaya, abin da suke kira kobushi. Jama'a suna ɗaukarsa a matsayin tsohon gado, alhali siffarsa ta yanzu bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta kafu, kuma da kayan kiɗan Turai ake raka shi. Misora Hibari (1937–1989), wadda ake yi wa kallon sarauniyar wannan salo, ta rera waƙoƙin zamani har da jaz. Haka Hikawa Kiyoshi, wanda ya fito a 2000 da enka, ya rera waƙar buɗe fim ɗin zane na Dragon Ball Super a 2017. Darasin a nan shi ne, murya ɗaya tana iya ɗaukar kaya biyu, kuma abin da ake kira gargajiya yakan kasance zamanin jiya ne.

4.0 Nazarin Waƙoƙinta

Idan aka ɗauki ma'aunin da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a Jagoran Nazarin Waƙar Baka (1993), za a fara da turke. Mafi yawan waƙoƙin A'isha na soyayya ne, cikin Larabcin Sudan, akwai kuma na ƙarfafa wa sojoji gwiwa da na kishin ƙasa. A nan ne rauni na farko yake: galibin baitocin soyayyar maza ne suka rubuta mata. Saboda haka kuskure ne ɗalibi ya ɗauki kalmomin a matsayin ra'ayinta kai tsaye. Fasaharta tana wajen sadarwa, wato fitar da haruffa daram da sarrafa numfashi, abin da ake dangantawa da horon tilawa da ta samu tun tana ƙarama.

Ta fuskar kiɗa, tushenta waƙoƙin mata ne na biki, masu tafiya da tafi da ganga, musamman kiɗan da ake kira tumtum. Ta ɗauko wannan daga tsakar gida ta kai shi gaban na'urar rediyo, aka haɗa shi da udu da gogen Turawa. Waƙar Sudan ma a kan tsani mai hawa biyar take tafiya, kamar enka, kamar kuma yawancin waƙoƙin Hausa. Wannan ne ya sa kunnen Bahaushe ba ya baƙunta da ita ko da bai ji Larabci ba.

A Arewacin Nijeriya an fi tunawa da ita saboda waƙarta ta Hausa ta yi wa Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, maraba. Turkenta yabo ne, sanannen abu a fada. Amma wanda ya auna ta da Narambaɗa ko Ɗanƙwairo bai yi mata adalci ba, domin ita ba makaɗiyar fada ba ce, ba ta da ubangida guda, ba ta gaji kotso ko taushi ba. Inda ya kamata a matsa mata shi ne wajen karin sauti. Hausa da Larabci sun yi tarayya wajen bambance doguwar gaɓa da gajera, shi ya sa awon baiti yake wucewa daga wannan harshe zuwa wancan cikin sauƙi. Sai dai Larabci ba ya rarrabe ma'ana da hawa da saukar murya, Hausa kuwa tana yi: kuka na hawaye da kuka ta miya, karin sauti ne kaɗai ya raba su. Don haka raujin da aka gina domin Larabci yana iya karya kalmar Hausa. Aikin ɗalibi shi ne ya saurara gaɓa bayan gaɓa, ya ga inda rauji ya bi harshe da inda ya danne shi.

5.0 Kammalawa

An ga cewa rabon gargajiya da zamani bai isa ya ɗauke A'isha Falatiya ba, kamar yadda bai ɗauke mawaƙan enka ba. Ya fi kyau a tambayi daga ina rauji ya fito, wa ya tsara baitoci, kuma su wa ake yi wa waƙar. Akwai kuma gaggawa a cikin lamarin. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilu 2023 ya shiga har cikin gidan rediyon Umdurman, inda aka ɗauki mafi yawan waƙoƙinta, ya kuma tarwatsa jama'a daga Wad Madani da ƙauyukan Jazira. Matuƙar manhajarmu ta ci gaba da tsayar da adabin Hausa a iyakar Nijeriya da Nijar, to su mutanen Mai Wurno da zangunan auduga za su rasa wurin zama sau biyu, a can ana ce musu baƙi, a nan kuma ba a san da su ba.