Hoton da Ya Kuɓuce daga Waya: Sharhi kan Wani Nazari

A shekarar 2017 ne malaman shari'a biyu na ƙasar Ingila, Clare McGlynn da Erika Rackley, suka wallafa wani nazari kan yaɗa hoton tsiraicin mutum ba da yardarsa ba. Hujjarsu ita ce wannan aiki cin zarafi ne irin na lalata, ko mai yin sa ya yi don ramuwa, ko don kuɗi, ko don raha. Alherin nazarin shi ne ya ɗauke ido daga niyyar mai laifi ya mayar da shi kan cutar da aka yi. Dokar Ingila ta 2015 ta bukaci a tabbatar da niyyar baƙanta rai, sai a 2023 aka sauke wannan sharaɗi.

Sai dai idan aka gwada nazarin a Hawandawaki ko Mayayi, gurguntarsa za ta bayyana. Marubutan sun ɗora shi kan yardar mutum ɗaya, alhali a ƙasar Hausa mutunci na gida ne baki ɗaya. Hoton da ya zaga WhatsApp kan rushe baiko, ya raba yarinya da makaranta, ya hana mahaifinta sakewa a majalisa. Abin da ya faru a Kano a 2007 ya isa misali: bidiyon wata ƴar fim ya fita daga waya, kuma ita ce ta sha mafi yawan tsangwama. Wadda ta san haka da wuya ta doshi jandarma ko kotun Tasawa.

Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, amma an fi jin amonta a shari'ar ɓata suna, kamar tsare ƴar jarida Samira Sabou a 2020. An cire ɗauri kan irin wannan laifi a 2022, aka mayar da shi a 2024. Muryar ƴar ƙauye ba ta fito a wannan muhawara ba.

Saboda haka aiki ya rage ga masana shari'a na Jami'ar Abdu Mumuni. Ya kamata su fara daga rufin asiri, wanda al'ada da addini suka girmama, su nuna cewa abin kunyar yana wuyan mai tonawa. Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu kuwa su ne za su kai wannan fahimta gaban iyaye da masu gari, inda ake fara sasanta irin wannan magana.