Kunne ma gado ne, amma rabinsa

A Bonkuku, kamar sauran garuruwan Imanan da Kurfai, kiɗa ya tashi daga dandali ya koma cikin salula. A da, sai da biki ko suna ake jin tenden matan Abzinawa ko molon maroƙan Zabarmawa, goge kuwa sai 'yan bori sun yi taro. Yau yaro yana bin shanu a kwarin Dallol Boso, katin wayarsa cike da gitar Bombino da waƙoƙin finafinan Kano. Dattawa suna cewa salula ta lalata yara. Ni dai a ganina, ta tona abin da dandali ya daɗe yana rufewa ne: ba kunne ɗaya gare mu ba.

Ina da ƙanne biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, a akushi ɗaya suka ci tuwo. Babban in ya ji kalangu tsigar jikinsa tashi take yi. Ƙaramin kuwa ko a bikinsa cewa ya yi a rage hayaniya. Mun daɗe muna ce masa mai girman kai, ashe zaluntarsa muke yi. A 2014 masana a Barsalona ta ƙasar Sifen sun nuna akwai mutane lafiyayyu, masu ji garau, waɗanda kiɗa ba ya motsa su ko kaɗan. A 2025 kuma aka fitar da wani bincike a kan tagwaye sama da 9,000 a Suwidin. Da aka gwada masu kama ɗaya da marasa kama, sai aka ga kusan kashi 54 cikin 100 na bambancin yadda mutane ke jin daɗin kiɗa yana da nasaba da jini.

Hali ma yana da rabonsa. Wani binciken da aka yi a 2007 ya gano cewa mai yawan damuwa ya fi neman waƙa don ta sanyaya masa rai, mai son sani kuwa tsarin kiɗan yake bi da kunne. Je kasuwar Filinge ka gani: tela ya kunna don aiki ya yi sauri, direba don kada barci ya sace shi, matar da mijinta ya tafi cin rani don kewa.

Mu Hausawa mun san gado, amma ga makaɗi kaɗai muka jingina shi, muka ce ɗan makaɗi ne ke kiɗa. To, Mamman Shata bai gaji waƙa ba, mahaifinsa ma bai so ba, amma har ya rasu a 1999 ba a yi kamarsa ba. Baiwa ba ta tambayar sana'ar gida.

Sai dai jini ƙishirwa kawai yake bayarwa, ruwan da za a sha gari ne ke zuba shi. Babu jinin da ya ce yaro ya fi son waƙar Kano a kan molo. Abin da ya tarar a katin ne ya sha. Saboda haka, iyayena dattawa, maimakon faɗa da salula, a nemi tsofaffin makaɗanmu tun suna raye, a naɗi tende da goge da molo, a kai wa masu tura waƙa a kasuwa. Yaron da Allah ya ba kunne zai gane nasa.